Wankin Bindiga Bayan Hawan Salla

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Gumel ya san 'yan bindiga, waɗanda ke tafe cikin hayaƙi gaban Sarki, suna ta ɓarin albarushi har dawaki na zabura. Da an watse, da yawansu sai su rataye bindigar a ɗaka, ba mai sake duba ta sai wata salla. To, a nan ɓarna ta ke farawa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Sarkin Damagaram Tanimu, maƙwabcin Gumel ta arewa, wanda ya rasu cikin 1884, har igwa aka ƙera masa a Zinder. A wannan shekara kuma wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano albarushin da ba ya hayaƙi, wanda soja ke aiki da irinsa yau. Amma bindigar toka ta maharbanmu, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, tana nan da baƙin albarushinta na dā, mai gawayi da farar wuta. Shi kuwa wannan, in ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa toka ya ke zama, ko ya bi hayaƙi, ko ya manne cikin bututu.

Wannan dauɗa tana da gishiri, gishiri kuwa raɓa ya ke janyowa. Da damina, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama ƙarfe. Da hunturu sai ta bushe ta yi tauri, bututu ya ƙuntata, ɗuri ya ƙi sauka ƙasa. In aka bar fili tsakanin albarushi da harsashi aka harba, ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci yana iya tsagewa, hannun hagu kuwa a kansa ya ke. Ga kuma garwashi da kan ɓuya cikin dauɗar, ya tashi sabon ɗuri tun mutum yana zubawa.

Maganin ba shi da tsada. Da fari a tabbata babu ɗuri: a zura sandar ɗuri, a yi mata alama daidai baki, a zaro a gwada ta waje. In ba ta kai gindi ba, akwai abu ciki. Kada a leƙa da ido, kada kuma a hura da baki. Sa'an nan a naɗa tsumma a sanda, a zuba ruwan zafi, a yi ta cuɗawa har ruwan ya fito fari ta ramin da wuta ke shiga. Mai ba ya narkar da gishirin nan, ruwa ne kaɗai ke yi, saboda haka wanda ya shafa mai bisa dauɗa ya ɓoye cuta ne kurum. A tsane da busasshen tsumma tun ƙarfe na da ɗumi, kana a shafa man keken ɗinki kaɗan. Man gyaɗa, ko da ya ke shi ne kusa da hannu, danƙo ya kan yi in ya daɗe.

Ku malamai da ma'aikata, ku ke zama da maharba a kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ku gaya musu ranar da aka harba, ranar a ke wankewa, a rataye ta baki ƙasa, inda yara ba su kaiwa.