Ɗaukaka Ƙara A Gana: Abin Da Alƙalai Ke Dubawa Kafin Su Rage Ɗauri

A kasuwannin Bawku, Yendi da Salaga, da zarar an ɗaure yaron shago ko direban kaya, sai ka ji dangi suna cewa za su ɗaukaka ƙara don a rage masa shekaru. To, amma alƙalan sama ba su cika taɓa hukunci ba sai sun ga alƙalin farko ya kauce wa ƙa'ida, ko kuwa ɗaurin ya yi tsananin da ya wuce kima.

Ma'aunin da ake bi ya samo asali ne daga shari'ar Kwashie ta 1971. Wasu 'yan sanda ne suka kama kayan fasa-ƙwauri, maimakon su kai ofis sai suka karkatar da su gidan wani don su sayar. Aka ɗaure su shekara 7, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi ragewa, domin sun ci amanar kakinsu. A nan ne kotun ta jera abubuwan lura: girman laifin, yadda jama'a ke ƙyamarsa, ko an shirya shi tun da farko, yawansa a yankin, ƙaruwarsa ba zato, sannan abin da ke sassautawa ko tsanantawa, kamar ƙuruciya, halin kirki ko amfani da ƙarfi. Tsarin Mulkin 1992 ya wajabta wa ƙananan kotuna bin hukuncin na sama, shi ya sa lauyoyi ke kafa hujja da wannan shari'a har gobe.

Mazauna bakin iyaka su lura: laifin da ya yi yawa a gari, alƙali na iya tsananta hukuncinsa don ya zama darasi.

Sashe na 14(6) na Tsarin Mulkin ya ce dole a lissafa kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin a gama shari'arsa. Idan alƙali bai yi hakan ba, hujja ce mai ƙarfi.

Daga kotun gunduma, ƙara tana zuwa Babbar Kotu ne, kamar ta Tamale ko Bolgatanga, kuma wa'adin shigar da ita wata 1 ne. A nemi lauya da wuri, a karɓi kwafin shari'ar, a auna hujja kafin a sayar da jari. Dokar Kotuna ta 1993 ta ba kotun sama ikon rage ɗauri, ta kuma ba ta ikon ƙarawa. Kada garin neman gira a rasa ido.