Ikon Shugaban Sashe a Jami'a: Daga Ina Yake Fitowa?

Matasanmu na Sheme, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sukan tafi karatu Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. A can, shugaban da ya fi kusa da rayuwarsu ta kullum shi ne shugaban sashe. Bari mu duba irin ikonsa.

Aikinsa yana da nauyi. Shi yake jagorantar taron malaman sashe, ya raba musu kwasa-kwasai, ya kula da jarrabawa. Ta hannunsa sakamakon ɗalibai yake wucewa zuwa tsangaya, sannan zuwa majalisar dattawan jami'a. Yana ba da shawara a kan ƙarin girman malamai. Idan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta zo tantance karatu, shi yake shirya sashen. Sakacinsa zai iya jinkirta wa ɗalibi gama karatu har shekara guda.

Duk da haka, ikon nan aro ne. Yana da wa'adi na 'yan shekaru, daga nan ya sauka ya koma cikin sauran malamai. Sau da yawa akwai farfesoshin da suka koyar da shi a ƙarƙashinsa. Ba shi yake biyansu albashi ba, ba kuma zai iya korarsu shi kaɗai ba. Saboda haka umarni kawai ba ya tafiyar da sashe, sai da amincewar mutane.

Halaye uku suke jawo wannan amincewa. Na fari, adalci: ya raba aiki ba tare da duba ƙabila, addini ko abota ba. Na biyu, riƙon amana: makin ɗalibi ba abin sayarwa ba ne. Na uku, haƙuri da neman shawara, gama babba juji ne.

Mu ma da muke shugabantar majalisar dattawa ko sashe a makarantar tauhidi, tsaranmu da magabatanmu muke jagoranta. Sarki goma, zamani goma: wanda muka danne yau, mai yiwuwa gobe shi zai hau kujerar.

Tambaya don nazari: Idan aka karɓe mana muƙami yau, mutum nawa ne za su ci gaba da neman shawararmu?