Karatun da Ya Kamaci Mai Lambun Tumatir

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya ƙara ƙarfi a kudancin Kano. Sau da yawa masu lambu na Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa su kan tambayi malaman gona, wane littafi ne zai koya wa mutum noman tumatir? Amsa ita ce, wanda aka rubuta domin ƙasarmu. Littafin Ingila ya kan ce a jira sanyi ya wuce kafin a yi dashe. A nan kuwa da sanyin hunturu tumatir ya fi yin 'ya'ya, zafin bazara shi ke zubar masa da fure.

Na farko, a nemi 'yan littattafan da a ke bugawa a Samaru ta Zariya, inda a ke binciken aikin gona tun 1922. Akwai na Hausa, akwai na Turanci. Ciki an bayyana renon iri, da dashe bayan kamar mako 4, da taki, da ban ruwa. Abin da ya shige wa mutum duhu, sai ya tambayi malamin gona, ko ma'aikatan binciken kayan lambu da ke Bagauda.

Na biyu, rubutun da ke jikin kwalbar magani. Shi ke faɗin awon da za a zuba, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinka. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ya karanta masa. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, mutane suka yi ta feshi a banza. Dalili kuwa, cikin ganye ta ke ɓuya, kuma ta kan saba da magani in ba a sauyawa. Mai karatu ya san a kan ƙone karan tsohon tumatir, a bi wurin da albasa ko masara.

Na uku, littafin da manomi zai rubuta da hannunsa: ranar shuka, sunan iri, kuɗin taki, kwando nawa aka tsinka, nawa aka sayar a Kwanar Gafan. Baɗi shi zai nuna masa irin da ya karɓi gonarsa, da watan da kasuwa ke faɗuwa.