Idan Injin Tarakta Ya Cije, Haƙuri Ne Maganinsa

A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, ciki har da Tungar Daji, ba a rasa tsohuwar tarakta da aka jingine gindin bishiya, ciyawa ta rufe mata tayoyi. Galibi Massey Ferguson ce mai injin Perkins silinda 4, ko Steyr irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Mai ita ya ɗauka ta mutu, alhali sau da yawa injin ne kawai ya cije.

Cijewa iri biyu ce. Akwai ta tsatsa: ruwan sama ya zurara ta bakin salansa, ya kwanta a kan fistin, ringi ya manne da bangon silinda. Akwai kuma ta zafi, inda baƙin mai ya ƙare ko lagireto ya bushe ana cikin huɗa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ta farkon ta fi sauƙin magani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaura mata sarƙa, a sa giya, a fizge ta da wata mota. Sauri ya haifi nawa: kwanrod ya lanƙwashe, ko fistin ya fashe, gyaran kwana ya koma na wata.

Gwanin bakanike nozul yake fara kwancewa. Sai ya tsiyaya man dizal gauraye da ɗan baƙin mai a kowace silinda, ya bar shi mako guda ko biyu yana jiƙa tsatsar. Daga nan ya kama kiranshaf da dogon sifana, ya riƙa girgiza shi gaba da baya a hankali. Idan ya ƙi motsi, a buɗe kan injin, a ɗora guntun icce a kan fistin, a riƙa bugawa sannu da guduma. Kada ƙarfe ya taɓa fistin kai tsaye.

Motsawa ba ita ce warkewa ba. Dole a duba bangon silinda. In tsatsa ta yi masa rami, a sake silif da ringi da gaskit. A sauke kaskon mai a duba metal. Kiranshaf da ya ƙarje sai an kai shi Gusau ko Kano an goge. Kafin a tayar, a zuba sabon mai, a sa sabuwar filta.

Tsohon mai da mataccen batir kuwa a nisanta su da rijiya da wurin wasan yara, domin batir dalma ce a cikinsa. Yankin da ya ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010 ya san illarta.

Manomi, kife gwangwani a bakin salansa duk ranar da ka ajiye tarakta, ka riƙa tayar da ita bayan kowane mako biyu ko da rani ne, ka wanke filtar iska bayan ƙurar hunturu. Gyara kuma a gama shi tun watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka.