Rigar Fukafukai: Wasan Kasadar da Yake Cin Gwanayensa

Rigar fukafukai tufa ce da ake ɗinkawa da yadin nailan mai ƙwari. Yadin yana haɗe hannuwan mutum da haƙarƙarinsa, wani kuma ya cike tsakanin ƙafafunsa, ta yadda in ya ware gaɓoɓinsa sai ya koma kamar jemage. Da ita wasu mutane, galibinsu a Turai da Amurka, suke faɗowa daga jirgin sama ko daga ƙololuwar tsauni, su yi shawagi na minti ɗaya ko biyu ko uku, sannan su buɗe laima su sauka. Tana cikin abin da ake kira wasannin kasada, irin su hawan dutse ba igiya da nutso cikin kogunan ƙarƙashin ruwa, wato wasannin da kuskure ɗaya a cikinsu yake iya zama na ƙarshe. A duk cikinsu da wuya a sami wanda ya kai wannan cin rayukan ƙwararrunsa.

Rigar ba ta tashi da mutum sama, domin ba ta da inji. Faɗuwa ce dai, aka karkatar da ita. A jikin yadin akwai ƙananan ƙofofi da iska take shiga ta hura shi, ya yi tauri kamar fiffiken jirgi. Mutumin da ya faɗo daga jirgi ba tare da wannan riga ba yana gangarowa da gudun kusan kilomita 200 a awa. Rigar tana rage saurin gangarowar zuwa rabin haka ko ƙasa, ta mayar da ragowar ƙarfin ya zama tafiya gaba. Gwani yakan ci kimanin mita uku a gaba duk lokacin da ya yi ƙasa da mita ɗaya, gudunsa kuma yakan haura kilomita 160 a awa, wani lokaci ya wuce 200. Sitiyarinsa jikinsa ne: ya ɗan sauke kafaɗa ya juya, ya sunkuyar da kai ya ƙara gudu. Mai gudun kilomita 200 a awa yana shafe mita 55 a daƙiƙa ɗaya, ke nan zai ƙetare filin ƙwallo daga raga zuwa raga kafin a ƙirga biyu. Saboda wannan gudun ne rigar ba ta iya sauke mutum, dole sai da laima. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Gary Connery ya taɓa sauka ba laima a watan Mayun 2012, amma sai da aka jibge masa kwalaye fiye da 18,000 ya faɗa a kansu.

Burin ɗan Adam na ya tashi da fiffike tsoho ne. Marubutan tarihin Andalus sun kawo labarin Abbas ibn Firnas, masanin birnin Kurɗuba na ƙarni na 9, wanda aka ce ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi, ya ji ciwo a baya wajen sauka. A ranar 4 ga Fabrairun 1912 wani tela mai suna Franz Reichelt ya hau bene na farko na hasumiyar Eiffel a Faris da wata riga da ya ɗinka da hannunsa, ya yi tsalle daga tsayin mita 57 a gaban masu ɗaukar hoto, ya faɗi ƙasa ya mutu nan take. Daga shekarun 1930 aka sami masu nishaɗantar da jama'a a bukukuwan jiragen sama da fukafukan zane da katako. Clem Sohn, Ba'amurke, ya mutu a Vincennes ta Faransa a 1937 da laimominsa biyu suka ƙi buɗewa. Léo Valentin, Bafaranshe, ya mutu a Liverpool a 1956 bayan fiffikensa na katako ya bugi jirgin da yake fitowa daga ciki.

Rigar da ake sawa yau ta samo asali ne daga Patrick de Gayardon, shi ma Bafaranshe, a tsakiyar shekarun 1990. Shi ne ya fito da fiffiken da iska take hurawa. Bai daɗe yana cin moriyarta ba, ya mutu a Hawaii a watan Afrilun 1998, sanadiyyar wani gyara da ya yi wa jakar laimarsa. Shekara ɗaya bayan haka Jari Kuosma ɗan Finlan da Robert Pečnik ɗan Kuroshiya suka fara ɗinka rigar don sayarwa da sunan BirdMan, ta shiga hannun duk mai kuɗin saya.

A nan ya kamata a raba abu biyu da mutane kan haɗa. Akwai masu sa rigar su faɗo daga jirgi, daga tsayin kimanin mita 4,000. Waɗannan suna da sarari, babu abin da za su yi karo da shi, suna ɗauke da laima biyu, in ta farko ta harɗe a yar da ita a buɗe ta biyu. Da yawansu ma suna da na'urar da take buɗe laimar da kanta in mutum ya suma. Dirowa daga jirgi gaba ɗaya ta zama abu mai tsari sosai: a Amurka a shekarar 2023 mutum 10 ne suka mutu cikin dirowa sama da miliyan uku da rabi.

Na biyu su ne masu dirowa daga abin da yake kafe a ƙasa. Wannan ana ce masa BASE, sunan da aka harhaɗa daga haruffan farko na kalmomin Ingilishi huɗu masu nufin gini, da turken sadarwa, da gada, da dutse. Carl Boenish, wanda ya ɗauki fim ɗin dirowa daga dutsen El Capitan na Kalifoniya a 1978, shi ake ɗauka uban wannan wasa, shi ma kuma a cikinsa ya mutu a Norwe a 1984. Mai yin BASE yawanci laima ɗaya yake ɗauka, don ko da ta biyu babu lokacin buɗe ta. Wasu likitoci a Norwe sun bi diddigin dirowa 20,850 da aka yi daga tsaunin Kjerag tsakanin 1995 da 2005, suka iske mutum 9 sun mutu, wato kusan mutuwa ɗaya a kowace dirowa 2,300. Duk wanda ya gwada wannan da lissafin masu dirowa daga jirgi zai ga tazarar ta wuce ninki ɗari. Kjerag kuwa yana cikin wuraren da ake ganin suna da sauƙi, don tsayinsa ya kai kusan mita 1,000 kuma a miƙe yake.

Da rigar fukafukai ta shigo BASE, an zaci za ta rage haɗari, tunda tana nesanta mutum daga bangon dutsen da ya diro daga kansa. Sai aka samu akasin haka. Masu wasan suka gano cewa daɗin ba a nesa da dutse yake ba. Mutumin da yake can tsakiyar sarari ba ya jin gudun da yake yi, sai in bishiyoyi da duwatsu suna wucewa ta gefen fuskarsa. Daga nan aka shiga abin da suke kira shawagin kurkusa: a bi gangaren tsauni saura 'yan mitoci ciki ya taɓa ƙasa, a kutsa ta kwazazzabo, a ratsa tsakanin bishiyoyi biyu. Wani bincike da likita Omer Mei-Dan ya jagoranta, wanda shi kansa mai dirowa ne, ya nuna cewa tsakanin 2002 da 2007 masu rigar fukafukai kashi 16 cikin ɗari ne na waɗanda suka mutu a BASE, amma daga 2008 zuwa 2011 sun kai kusan rabi.

Abin da yake kashe su ba kasafai yake zama lalacewar kaya ba. Lissafi ne yake kuskurewa. Daƙiƙun farko bayan tsalle, kafin iska ta hura rigar, mutum faɗuwa kawai yake yi kamar dutse, in santsi ya kwashe shi ko ya fita a karkace, bango yana jiransa. In ya shiga kwari ya tarar gangarensa bai kai yadda ya zata ba, ba shi da injin da zai ɗaga shi, ba birki, ba juyawa baya. Iskar tsauni tana sauyawa daga safe zuwa rana, inuwa tana ɓoye tudu, in kuma ya rage gudu da yawa fiffiken ya daina ɗaukarsa. A irin wannan gudun hular kwano ba ta hana komai.

An ce ruwa gwani yake ci, kuma jerin mamatan wannan wasa ya gaskata zancen. Mark Sutton, wanda ya diro da laima cikin shigar James Bond a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya mutu a Suwizalan shekara ɗaya bayan haka. Dean Potter, ɗaya daga cikin mashahuran masu hawan dutse a Amurka, ya mutu tare da abokinsa Graham Hunt a gandun Yosemite ranar 16 ga Mayun 2015, suna ƙoƙarin ratsa wata 'yar tsaga a jikin tsauni. Uli Emanuele ɗan Italiya, wanda miliyoyin mutane suka kalli bidiyonsa yana wucewa ta ramin dutsen da faɗinsa bai fi mita biyu da ɗoriya ba, ya mutu a watan Agustan 2016, kwanaki kaɗan kuma Alexander Polli ya bi shi bayan ya bugi bishiya kusa da Chamonix. A wannan shekarar kaɗai masu BASE fiye da 30 suka rasu. Valery Rozov ɗan Rasha, wanda ya diro daga tsayin mita 7,220 a yankin Everest a 2013, ya mutu a Nefal a 2017. Ba ɗaya daga cikinsu da yake ɗan koyo. Ƙwarewa a nan ba ta ƙara wa mutum tazara da mutuwa, domin duk tazarar da ta samar masa, kashe ta yake yi wajen ƙara matsawa kusa da dutse. Jeb Corliss, wanda ya ratsa kogon Tianmen na ƙasar Sin a 2011, yana cikin 'yan tsirarun da suka taɓa dutse suka rayu: ya bugi tsaunin Table na Afirka ta Kudu a farkon 2012, ya karye a ƙafafu, da ya warke kuma ya koma.

Komawar ita ce abin da ya fi ɗaure wa na waje kai. Amsar da aka fi bayarwa ita ce ta sinadaran jiki: tsoro yana sa jiki ya saki adirenalin, tsira kuma tana zuwa da wani daɗi da ƙwaƙwalwa take son maimaitawa. Masanin halayyar ɗan Adam Marvin Zuckerman ya daɗe da nuna cewa mutane sun bambanta wajen ƙishirwar sabon abu mai motsa rai, wasu nasu ya fi na wasu nesa ba kusa ba. Amma wannan bai gama bayanin ba. Masu bincike irin su Eric Brymer da suka zauna da masu wasan sun iske yawancinsu ba masu ganganci ba ne yadda ake zato. Mutane ne masu tsari, masu auna tsayin dutse da na'ura, su duba taswira, su jira iska kwana da kwanaki, su sauko da ƙafa in ba ta yi ba. Abin da suke bayyanawa ba hauka ba ne, natsuwa ce: minti guda da babu tunanin bashi ko aiki ko gobe, hankali ya tattaru wuri ɗaya. Sai kuma zumuncin 'yan tsirarun da suka san juna, suka kuma binne abokai tare.

Akwai ɓangaren da masu wasan ba su cika son a taɓo ba, shi ne kyamara. Ƙananan kyamarori irin GoPro da ake maƙalawa a hula sun zo daidai da bunƙasar YouTube, kamfanoni irin Red Bull kuma suna ɗaukar nauyin fitattu. Bidiyon da ya fi kusantar dutse shi ya fi samun 'yan kallo. Mai kallo yana ganin minti biyu masu kyau, ba ya ganin shekarun atisaye, ba a kuma cika nuna masa waɗanda ba su dawo ba. Ƙungiyoyin masu laima suna sharɗanta wa mutum ya yi dirowa aƙalla 200 daga jirgi kafin ya fara sa rigar, tsofaffin hannu kuma suna ganin sai ya ƙara ɗaruruwa kafin ya tunkari tsauni. Amma a kan tsauni babu mai tambayar takarda, shi ya sa ake samun masu tsallake matakai.

Hukumomi ba su yi baki ɗaya a kan lamarin ba. Norwe ta haramta dirowa daga bangon Troll tun 1986, amma ta bar Kjerag a buɗe. A gandayen gwamnatin tarayyar Amurka haramun ne sai da izini na musamman, abin da wasu suke cewa yana tura mutane su yi a ɓoye da almuru, lokacin da gani ya ragu, alhali a gadar Perrine ta jihar Idaho kowa yana iya dirowa duk shekara ba tare da neman izini ba. Garin Chamonix ya dakatar da wasan a ƙarshen 2016 bayan wani ɗan Rasha ya faɗa kan gini. Suwizalan ta zaɓi ta bar shi da 'yan ƙa'idoji. A kwarin Lauterbrunnen, inda dubban dirowa suke faruwa kowace shekara, mai wasan yana sayen katin sauka, kuɗin kuma a biya manoman da ake tattake musu ciyawa. Kafin ya yi tsalle sai ya buga waya ga tashar jirage masu saukar ungulu ta Air-Glaciers don kada su yi karo a sama, kuma jiragen wannan tashar ne suke zuwa ɗauko shi in ya maƙale a jikin dutse.