Shin Ko Kun San? Marfin Da Ke Tsare Iskar Gas A Ƙarƙashin Ƙasa

Shin ko kun san iskar gas ba a wani kogo take kwance ba? A 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi take maƙale, kuma da yake ruwa ya fi ta nauyi, kullum sama take nema. Abin da ya hana ta tserewa shi ne wani dutse da ya shimfiɗu a kanta, na laka ko na gishiri, kamar marfi a bakin tukunya.

Marfin laka shi ma da kafofinsa, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ruwa ya cika su ya manne. Kafin iskar ta kutsa sai ta ture ruwan nan, kuma iya ƙanƙantar kafa iya ƙarfin da za ta nema. Ashe ruwa ne mai gadin.

Shin ko kun san duk zurfin mita 10 na ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kewaye da mu? A mita 3,000 ya kai ninki 300 ke nan, wannan kuwa shi ne daidai. Amma idan laka ta riƙa jibguwa da sauri har ruwan cikinta ya rasa mafita, sai ruwan ya ɗauki wani kaso na nauyin duwatsun da ke samansa, matsi ya zarce ƙa'ida. Haka ma idan zafin ƙasa ya dafa ɗanyen mai ya koma gas, domin gas ya fi mai cin wuri. Ba sai an je nesa ba: a Neja Delta, lakar da masana ke kira Akata, wadda ke ƙarƙashin duwatsun Agbada masu ɗauke da mai da gas, irin wannan matsin ne da ita.

To, matsin yana gyara marfi ne ko yana ɓata shi? Ya danganta da inda ya taru. Idan a cikin marfin yake, ruwansa na tunkuɗowa ƙasa, iskar na turawa sama, sai toshiyar ta ƙara ƙarfi. Idan kuwa a rumbun iskar ya taru, ya yi ta hawa har ya kusa kamo nauyin duwatsun sama, marfin tsagewa yake yi. Iskar ta sulale, matsi ya sauka, tsagar ta rufe, a sake sabon tari. Shi ya sa kamfani kan kashe maƙudan kuɗi ya haƙa rijiya a wurin da taswira ta nuna alheri, ya tarar da ruwa zalla. Iskar ta yi gaba tun shekaru miliyoyi.

A ganina gishiri ne sarkin marafa. Zafi da nauyi kan sa shi ya riƙa malala sannu a hankali, duk tsagar da ta buɗe ya liƙe ta. Filin gas na Kela-2 da aka gano a 1998 a kwarin Tarim na ƙasar Sin yana da matsin da ya kusa ninka na ƙa'ida sau biyu, amma gishirin da ke kansa ya riƙe.

Shin ko kun san a filin Elgin da ke Tekun Arewa, zurfin fiye da kilomita 5, matsi ya kai wajen ninki 1,100 na iskar da muke shaƙa, zafi kuma kusan digiri 190? A irin wannan wuri mahaƙa kan cika rijiya da laka mai nauyi don danne iskar. In lakar ta yi sakayau iska ta taso, in ta yi nauyi da yawa ta fasa dutse ta zurare. A Maris na 2012 iska ta ƙwace a wata rijiyar Elgin, sai a watan Mayu aka danne ta.

Inda marfi ya gaza tun fil azal, ana gani a fili: ɗaruruwan tuddai masu aman laka a Azarbaijan, da tudun Yanar Dag kusa da Baku, mai ci da wuta dare da rana.

Raguwar matsi ma da tata illar. Filin Groningen na ƙasar Holan, da aka gano a 1959, gishiri ne marfinsa kuma bai yi yoyo ba. Amma da aka yi ta zuƙe iskar, dutsen yashin ya motse, ƙasa ta soma girgiza. Girgizar Huizinge ta 2012 ta kai maki 3.6, gidaje suka tsattsage, kuma a 2024 gwamnati ta rufe filin baki ɗaya alhali da sauran gas a ciki.