Bakteriyar da ke numfashi da gubar da ta gurɓata rijiyoyi

Sinadarin PCE da ake wankin kwat da shi, da ɗan'uwansa TCE mai cire maiƙo daga ƙarfe, sun gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama na Amurka. A sansanin soja na Camp Lejeune, sojoji da iyalansu sun sha irin wannan ruwa daga 1953 zuwa 1987.

A 1997, masana a Jami'ar Cornell, har da Stephen Zinder (suna ne kawai, ba ɗan Damagaram ba ne), suka ware wata bakteriya mai suna Dehalococcoides. Da waɗannan sinadarai take numfashi, tana cire musu kulorin ɗaya bayan ɗaya. Da aka karance kundin halittarta a 2005, an samu ƙwayoyin gado 17 masu alamar wannan aiki.

Sai dai ba kowane nau'inta ke kai aikin ƙarshe da sauri ba. In ya tsaya a rabi, abin da ke taruwa shi ne vinyl chloride, mai haddasa kansar hanta, wato gyara ya zama ɓarna. Masu ɗauke da ƙwayar gado vcrA ko bvcA ne ke mai da shi iskar etilin marar lahani. Shi ya sa injiniyoyi ke fara neman vcrA a ruwan rijiyar. In babu, sai su zuba bakteriyar da ke da ita.